Gafakar Ɗan Azumi Mai Rijiya

Ni dai in aka ambaci sunan babana a kasuwar Guci, mayafi nake ja in rufe fuska. Ba shi ya yi abin kunya ba, wallahi. Ni na yi.

Ɗan Azumi Mai Rijiya, wa bai san shi ba daga nan har Bande? Ƙasarmu rairayi ce, kana haƙa tana biyo ka tana rufewa. Shi ya ƙago dabarar gasa manyan zobba na yumɓu, a jera su ɗaya bisa ɗaya a cikin ramin, rijiya ta tsaya da ƙafarta. Kowa ya ga zobban, amma abin da yake gauraya wa yumɓun har ya jure wuta da ruwa, wannan sai shi da takardunsa. Da ajami ya rubuta su, guda goma sha tara, ya zuba a gafaka. Da zai rasu ya miƙo mini, don ba shi da ɗa namiji, ya ce, "Huraira, ki adana."

Ni ko alif ban sani ba. Na buɗe na ga da'ira cikin da'ira da ƙananan rubutu a gefe, na ce lalle hatimi ne irin na malamai.

Shekarar da ƙyanda ta shigo gari, Goggo Fadi maƙwabciyata ta zo tana kuka, jikarta ko ido ba ta buɗewa. Na ciro takarda ɗaya na jiƙa a ƙwarya, tawadar ta narke, aka ba yarinya ta sha. Ta kuwa tashi! Shi ke nan fa. Mai ciwon kai ya zo, mai naƙuda a aiko, har wadda miji ya daina kallo. Ni kuma kai ya kumbura, ana ta "ɗiyar Malam, ɗiyar Malam", ina jiƙawa ina rabawa kamar kunun sadaka.

Bayan shekara huɗu, zobba uku na ƙasan babbar rijiyar gari suka fashe, rairayi ya fara cin ruwan. Ita kaɗai ce ke kai mu ƙarshen rani. Mai gari ya aika Mallawa aka kira Alhassan, wanda ya taɓa yi wa babana aiki shekara biyu, ya kuma iya karatu. Ya zauna a zaure da dattijai, aka ce in kawo gafaka.

"Yaya Huraira," in ji shi, "Allah ya saka miki da kika riƙe amanar nan. Zan zauna da su kwana uku in karanta, in kuma kwafe, a samu biyu saboda gara."

Ya buɗe da bisimilla. Takarda huɗu. Ya sake leƙawa, ya zazzage gafakar. Ya karanta ta farko a fili, zurfin rami da faɗin zobe. Ta biyu, irin itacen da ake gashi da shi. A ta uku ya tsaya.

"Marigayi ya ce a gauraya yumɓun da abubuwa ukun da ya auna a takarda ta bakwai. Ina ta bakwai?"

Wayyo, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Goggo Fadi ce ta amsa daga bakin ƙofa, ita a ganinta yabona take yi: "Ai mun sha, Malam. Duk garin nan ba gidan da bai sha ba."

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zaga, da na fi jin sauƙi. Mai gari da kansa ya sunkuyar da kai, don shi ma ya sha na ciwon baya. Alhassan ya juyo gare ni ya ce a hankali, "Ko kin tuna wani abu a jikinta? Ko da zane ne?"

Na ce, "Ɗaci-ɗaci gare ta." Iyakar abin da na sani ke nan a aikin babana na shekara talatin.

Alhassan ya gwada kashin jaki, ya gwada ƙaiƙayi, ya gwada toka. Gashi biyar ya yi, zobban da ba su tsage a wuta ba suka narke a ruwa. Kafin damina ta faɗi rijiyar ta rufe, gida goma sha ɗaya suka ɗaure kaya suka nufi Bande. Goggo Fadi na cikinsu. Ta biyo ta yi mini sallama da kaya a ka, ta rage murya ta ce, "Ɗiyar Malam, hanya da nisa, ga zafi. Ba sauran ko guda ɗaya ki jiƙa mana?"