Ganyen Sabara

Malam Sagir ya ɗaga ɗan farantin gilashin zuwa hasken taga ya ƙura masa ido. Ƙwayoyin cutar makero sun rufe shi fari fat, amma a tsakiya, inda Ramla ta ɗiga ruwan ganyen sabara, sun ja da baya sun bar fili wasai. Ya ɗauko nasa farantin na ganyen marke. Ƙwayoyin sun haye ɗigonsa kamar ba a zuba komai ba.

Shekararsa goma sha ɗaya a ɗakin gwajin wannan kwaleji, tun zamanin soja, yana tafasa ganye yana tacewa ba wanda ya taɓa leƙowa. Ramla kuwa watanta takwas da kama aiki, shi ya koya mata riƙon kwalba. Ga shi yau sabon kwamishinan farar hula zai kawo ziyara, an kuma ce mutum ɗaya za a tura Zariya ƙaro karatu.

Ramla ta shigo da sallama, ƙurar Ƙofar Marusa a takalminta. Suka gaisa, ta tambayi iyali da gajiya.

"Malam, ya fito kuwa?"

"Ya ɗan taɓa. Kada ki sa rai, sau ɗaya ba gwaji ba ne."

"Na uku ke nan, Malam," ta ce a hankali.

Ya ajiye farantin. Ya ture kofin shayinsa gefe bai sha ba.

Bayan azahar kwamishina ya iso da jama'arsa, ɗakin ya cika da ƙamshin turare. Shugaban kwaleji ya miƙa masa farantin sabarar yana bayani. Kwamishina ya waiga, idonsa ya sauka kan furfurar Sagir.

"Malam, aikinka ne wannan?"

Ramla na tsaye bayan mutane, jikin ƙofa. Sagir bai dubi wajen ba.

"Aikin ɗakinmu ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. A rubuta sunansa. Can Zariya sai ka maimaita masu su gani."

Da aka watse, Sagir ya tarar da Ramla tana wanke kwalabe.

"Allah ya sanya alheri, Malam," ta ce, ba ta juyo ba.

Ya amsa da ƙyar. Ta goge hannu, ta buɗe aljihun teburin da suke ajiya tare, ta zare littafin da take rubuta aikinta ta sa a jaka. Sai a lokacin ya tuna shi ma ya taɓa gwada sabara shekarun baya, bai ga komai ba.

"Ramla, ganyen nan, ɗanye kike jiƙawa ko busasshe?"

Ta gyara mayafinta, ta dube shi.

"Ai aikin ɗakinmu ne, Malam. Ka sani."

Ta yi masa sai gobe, ta fita.