Farin Gam

Da babban yatsa kawai Manaja ta tura, tafin takalmin ya ɗago ya rabu da fatar kamar ɓawon ayaba. Ta ajiye shi ta zaro wani daga kwalin. Shi ma haka. Na ukun ba ta ma kai ga taɓa shi ba, bakinsa a wangale yake.

"Aikin waye wannan?"

Kekunan ɗinki suka ci gaba da ruri, masu su kuwa kowa ya sunkuyar da kai fiye da yadda ɗinki yake buƙata. Dogo mai yankan fata ya hau sosa ƙeya da ƙotar wuƙarsa.

"Dogo, da kai nake."

"Manaja, ni yanka ne nawa. In kin ga fata ta karkace, ki kama ni."

"Ban tambaye ka aikinka ba."

Idonsa dai ya tafi kusurwar da ke jikin taga. Nan ne wurin zaman Baffa, kuma yau babu kowa a wurin. Jakar kayan aikinsa ma ba ta rataye a ƙusar da ta saba.

Baffa ƙanin mahaifinta ne. Su biyu suka kafa wannan masana'anta da keken ɗinki ɗaya da gwangwanin sholisho, gam ɗin nan mai wari, tun ba a haife ta ba. Da mahaifin ya rasu ita ta karɓi ofis, don ita ta yi karatu, shi kuma ya ce ba zai iya wuni a ɗakin da babu takalmi ba. Ya ci gaba da abin da ya sani, shafa gam da haɗa tafi.

Watan jiya ne aka kwashe gwangwanayen sholisho aka kawo farin gam, wanda da ruwa ake haɗa shi. Ba ya hawa kai, ba ya sa ido hawaye. Sai dai yana da tsirfa. Sai an shafa shi siriri kuma daidai, a sa a akwatin zafi, a jira farin ya washe, sannan a haɗa a matse. Sholisho kuwa ko lafta shi aka yi, kamawa yake.

Maman 'Yan Biyu ta tsayar da kekenta. Ita ce babba a masu ɗinki, ita kaɗai take iya kallon Manaja ido cikin ido.

"Ba ganganci ba ne, hannun ne," ta ce. "Buroshin ba ya zaunar masa. Nan ya yi kauri, can babu ko ɗigo. Jiya da idona na ga buroshin ya faɗi ƙasa, shi bai ma sani ba. Yana ta shafawa da yatsu wayam, sai da na taɓa shi."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Wa zai kai miki ƙarar Baffa? Shi ya koya wa rabinmu riƙon almakashi."

Dogo ya so ya sassauta maganar. "Mu dai farin gam ya karɓe mu, Manaja. Matata ta ce tun da ta aure ni, sai yanzu ta san ashe ina sa turare."

Aka ɗan yi dariya, ban da ita. Ta ce a ware kwalin gefe guda a kankare a sake shafawa, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Inna, matar Baffa, tana shanya a tsakar gida lokacin da ta yi sallama. Manaja ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta tambayi mai gidan, ko jikin ne.

"Jiki kam kullum ga shi nan," in ji Inna, tana matse riga. "Amma ya fita tun da safe da jakarsa. Na zaci kin sani."

"Bai zo ba."

Inna ta yarfe hannu ta zauna a bakin tabarma. "To bari in gaya miki, tunda shi ba zai faɗa ba. Tun da kuka canza wannan abin, mutumin nan bai sake zama daidai ba. Ciwon kai ba dare ba rana. Jikokin da yake goyawa a wuya, yanzu ko motsi suka yi sai tsawa. Shekaranjiya na same shi a bayan ɗaki da tsohuwar rigar aikinsa, wadda na ajiye zan yi tsumma da ita, ya cusa hanci a ciki. Da ya gan ni sai ya ce wai allura yake nema."

Manaja ta gyara mayafinta.

"Ina ya tafi, Inna?"

"Ya ambaci Gajere. Wai yana neman mai haɗa tafi."

Ta san Gajere. A masana'antarsu ya koyi aiki kafin ya buɗe shagonsa a bayan kasuwa, layin da babu wani jami'in lafiya da yake leƙawa.

A cikin bas ta samu wuri jikin taga, kusa da wata mata mai rungume da robar kwanuka. Motar tana tafiya tana tsayawa, yaron mota yana dukan ƙofa, ita kuwa hankalinta ya koma wani ɗakin asibiti, shekarun baya. Ita da kanta ta kai Baffa, lokacin da ya fara cewa tafin ƙafarsa kamar yana taka auduga. Likitan ya soka masa tsinke a yatsu yana tambaya ko ya ji, Baffa yana cewa ya ji tun kafin tsinken ya taɓa shi. Daga baya likitan ya ja ta gefe ya ce jijiyoyi ne, kuma gam ɗin da yake shaƙa ne yake cin su. Ya ce abin da ya mutu ba zai dawo ba, amma a raba shi da wannan warin ko sauran ya tsira.

Ta yi niyya, Allah ya sani. Ta tambayi yadda ake canzawa, aka gaya mata sai an sayi akwatin zafi da sabon injin matsewa, a kuma tsayar da aiki har ma'aikata su koya. Ta ce bari a fita daga wannan odar tukuna. Ta mayar da Baffa jikin taga, ta saya masa fanka da takunkumi. Takunkumin ya wuni a haɓarsa kwana biyu, daga nan ya koma riƙe masa ƙusoshi. Oda ta wuce wata ta zo, shekara ta bi shekara.

Bayan kasuwa layi ne matsattse, rufin kwano ya haɗe sama har rana ba ta samun hanya. Tun kafin ta ga shagon warin ya tare ta. Gajere yana bakin ƙofa yana jera silifa a kan katako. Da ya gan ta ya miƙe yana goge hannu a wando.

"A'a, Manaja da kanta! Wallahi ba ni na kira shi ba. Shi ya zo. Zan kori wanda ya koya mini sana'a?"

"Ban ce ka kira shi ba. Yana ina?"

Yana can ƙurya, ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, a kan wata guntuwar kujera. Buɗaɗɗen gwangwanin sholisho na tsakanin ƙafafunsa. Ya naɗe buroshin a yatsunsa da zaren roba don kada ya suɓuce. Fuskarsa kuwa a sake take, irin yadda ta daɗe ba ta gan ta ba.

Ta durƙusa. "Baffa, ina wuni?"

"Lafiya lau, Uwata." Haka yake kiranta tun tana zanin goyo. "Innarki ce ta tona ni ko? Matar nan ba ta iya riƙe magana ba, ko ruwa ka ba ta ajiya sai ta zubar."

"Baffa, ka tashi mu tafi."

"Kin ga kwalin?"

Ta dubi buroshin da ke ɗaure a yatsunsa.

"Kin gani ke nan. Ni ma na gani tun jiya. Tun da nake, takalmin da na haɗa bai taɓa buɗe baki ba. Na ce kafin yaran da na koya wa aiki su fara sake mini aiki a ɓoye, gara in ba su wuri."

"Ba sai ka shafa gam ba. Ka zauna ka riƙa duba abin da suka gama. Idonka ya fi na kowa."

"In zauna ina kallon mutane suna aiki, kamar maigadi?" Ya tsoma buroshin ya lafta wa tafin da ke cinyarsa. "Ga kuma kaina. Tun da kika kwashe gwangwanayen nan kamar ana buga mini ƙusa a nan. Yau na shigo shagon nan, kafin in zauna ya sake ni."

"Ai shi ne ciwon, Baffa. Jikinka ne ya saba da guba. In ka daure zai wuce. Likita ya ce..."

"Likita ya ce tun yaushe?"

Bai ɗaga murya ba, murmushi ma yake yi. Gajere da ke leƙe daga ƙofa ya ja da baya.

"Ke kika kai ni. Ina jinku ta bayan labule, kunnena ai bai mutu ba. Muka dawo kika saya mini fanka. Fanka mai kyau kuwa, har yanzu tana aiki." Ya juya tafin yana dubawa. "Sai ga wannan yarinyar mai tabarau da masu oda suka turo. Ta shigo ta shaƙa sau ɗaya, ta yi tari, ta ce kamfaninsu ba ya sayen kayan da aka yi da wannan. Kafin wata ya mutu kin kawo akwatin zafi, kin kawo inji, kin kawo mai koyarwa. Tarinta ɗaya tak, Uwata."

Duk bayanin da take da shi gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya da za ta iya faɗa a gaban yatsun nan da aka ɗaure da roba.

"Kar ki yi mini kuka a shagon mutane," ya ce. "Ba haushi nake ji ba. Ai ni na fi kowa cewa a bar sholisho, babu abin da ya kai shi kamu. Da kin matsa a lokacin, da mun yi faɗa, wataƙila in yi wata ban amsa gaisuwarki ba."

"Da na matsa ɗin."

"Da kin matsa," ya yarda. "Gam ɗinki mai kyau ne. Su Dogo za su tsufa da hannuwansu, su ɗaura wa jikokinsu igiyar takalmi. Kar ki kuskura ki koma baya saboda ni. Ni dai a makare ya same ni."

"Ko bakin ƙofa ne ka bari a fitar maka da kujerar."

"Iska tana busar da shi da wuri. Bar ni a nan."

Ya ɗauki saman takalmin da hagu, tafin da dama, ya nufo su da juna. Sholisho ba ya yafiya, in ya taɓa ya kama ke nan, ko a karkace ne. Hannuwan suka hau rawa. Ya janye, ya ja numfashi, ya sake gwadawa. Suka sake rawa.

"Riƙe mini nan," ya ce, ba tare da ya dube ta ba.

Ta gyara durƙuso ta kama takalmin da hannu biyu ta tsayar. Ya saita dunduniya, ya bi gefe a hankali har zuwa yatsu, ya danna. Tafin ya zauna cif, ko gashi ba zai shiga ba. Fuskarta tana daf da bakin gwangwanin, warin ya cika mata hanci, mai kaifi, mai ɗan zaƙi. Warin rigar mahaifinta ne idan ya dawo daga aiki ya ɗaga ta sama. Kafin ta ankara ta ja shi har cikin ƙirji, da gangan.

Baffa ya gani. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Tashi," ya ce. "Tashi ki fita. Kina da yara."

"Baffa..."

"Na ce ki fita ki sha iska. Ki gaida mutanen wurin aiki. Ki ce wa Dogo ya daina cin fata a gefe."

Ta miƙe. Gajere ya matsa mata hanya yana wasu maganganu da ba ta ji ba. A bakin layin, inda rufin kwanon ya ƙare, ta tsaya cikin rana, goshinta ya fara sara. Daga can ciki tana jiyo gudumarsa yana daddale tafin, bugu ɗaya ya samu, ɗaya ya kuskure ya sauka a katako.

Bas ta tsaya a gabanta, yaron motar ya kira unguwarsu yana mata alama da hannu. Ta girgiza kai, motar ta wuce.