Maijego a Gindin Tsamiyar Shamuwa

Wallahi tsamiyar nan ta bakin tafkin Fakku tana nan tsaye, ko reshe ba a taɓa ba, kuma Hindatu matar Namadi ce ta hana, tana cikin jego!

Ita ce fa tsamiyar da shamuwa ka yi sheƙa kanta duk shekara, sai an ga sun sauka manoma ka fiddo iri. To tunda anka yi kwalta har Tambuwal baƙi sunka fara zuwa kallon tsuntsaye, har da Turawa masu madubin hangen nesa. Mata na sai da fura da tabarmi, maza na zagayawa da su bakin ruwa.

Sai ga wani ɗan kwangila, Alhaji Ɗangiwa, wai zai gina ma baƙi masaukin siminti, tsamiya ta tare mai fili. Da ya ji Hindatu ta haihu, ga icce ya yi wuya, sai ya ce ma Namadi in an sare tsamiyar iccen duk na Namadin ne, a yi ta dafa ruwan wankan jego. Namadi, bawan Allah, ya shigo gida yana murna.

Ya faɗa ma Hindatu gobe za a sare. Da safe ta rungumi jinjirinta, ta ɗau tabarma ta fita, ita da ko zaure bai kamata ta leƙa ba kafin arba'in. Uwar mijinta na biye tana salati. Ta shimfiɗa a gindin tsamiya, ta jingina bayanta.

Masu gatari sunka iso, sunka yi cirko-cirko. Wa zai ɗaga maijego? Ɗangiwa ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ce sanyi zai kama ta.

"Alhaji, gara in yi wanka da ruwan randa," in ji ta. "Su ma na sama kwance suke kan ƙwai. Ba mai tada mu."

Kafin azahar mata sun kwaso turamensu sun kewaye ta, ana daka ana guɗa. Uwar mijin ma ta gaji da salati, ta kawo mata kunun kanwa nan. Masu gatari sunka saɓa kayansu, ɗayansu har barka ya yi mata. Masauki kuwa, mai gari ya ce bukkoki za a yi can nesa da ruwa, 'yan gari su gina, su riƙe abinsu.

Don Allah duk mai zuwa kasuwar Sanyinna ya faɗa ma Yaya Saudatu, yayar Hindatu da ke aure can, kada ta ji a bakin wani a rage mata.