Gaisuwa Ɗaya Ta Mai Rai Ce

Tak Du-man ya iya saukar da jirgi mai saukar ungulu a kan jirgin ruwan yaƙi, teku na wasa da shi kamar ƙwarya a bakin rafi, ko gezau bai yi ba. Amma ran da Kwamanda Heo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, ranar Juma'a sai mu ga tsohuwar taka," sai ya san asirinsa na dab da tonuwa.

Ranar Juma'ar ce za a maƙala wa sababbin matuƙan sojan ruwa lambar fuka-fukin zinariya. A sansanin nan kuwa ba kwamanda ke maƙalawa ba, uwa ce. Tana gamawa ɗan ya ja da baya, ya faɗi ya kai goshi ƙasa, ya yi mata babbar gaisuwa a gaban kowa. Du-man ba shi da uwa. Ta rasu yana ɗan shekara huɗu, uban ya rungumi kwalbar giyar soju har ta kai shi inda matar ta tafi. Wannan ba abin kunya ba ne, da ya faɗa tun farko da an wuce wurin. Bakinsa ne ya ja masa. Watan farko na horo, da ya ga kowa ana aiko masa ƙunshi daga gida, sai ya ƙera wa kansa uwa mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Pohang. Duk wata yakan buga waya a aiko masa kwali, ya buɗe a gaban abokai yana tsaki: "Tsohuwar nan ba ta jin magana, na ce ta daina wahalar da kanta." Shekara biyu ana cin kifin uwar Du-man. Har kwamanda ya ɗanɗana, ya lashe yatsu, ya ce lallai sai ya ga wannan mata.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, to ga shi ya zo ƙarshensa. Hafsan da ya yi shekara biyu yana shara wa kwamandansa ƙarya, da wane ido zai dube shi? Wa zai yarda ya hau jirgi a bayansa?

Abin da ya ɗan rage masa zafi, uwar ƙaryar ba daga iska ya ɗauko ta ba. Duk zagin da yake kwaikwaya wa abokai suna dariya, na Gu Mal-sun ne, wata mai kifi da ta sha bin sa da ludayi yana yaro. A lokacin hanyar cin abincinsa biyu ce. Ko dai ya zari kifi a teburinta ya ranta a na kare, ko ya zura tsohuwar baƙar kwat ɗin ubansa ya shiga gidan makoki. Can ba a tambayar kai ɗan wane ne. Ka faɗi sau biyu gaban hoton mamaci, ka sulale ta bayan masu karɓar gaisuwa, a ajiye maka shinkafa da miyar nama mai yaji. Kafin ya kai goma sha biyu babu mamacin unguwar da bai yi wa gaisuwa ba, kuma babu wanda ya kai shi iya ta.

Ranar Laraba ya nemi izini, ya sa fararen kayansa na soja, ya nufi kasuwa. Mal-sun tana nan inda ya bar ta, ta ƙara gajarta, muryar ce dai ba ta ragu ba.

"Sannu da aiki, Inna."

Ta ɗago ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi. Sai ta jawo tiren kifi kusa da ita.

"Ɓarawon kifi! Kai ne? Wa ka sace wa kaya?"

"Nawa ne, Inna. Jirgi nake tuƙawa yanzu."

"Jirgi? Gwamnati ta ba ka jirgi? To su ƙirga fuka-fukansa kullum da yamma."

Ya tsaya yana murza hula, ya kwashe labari duka ya faɗa mata. Ta saurara tana fiffita ƙuda. Da ya zo kan kwalin kifi sai hannunta ya tsaya.

"Dakata. Ni ban taɓa aika kwali sansani ba. A wurin wa kake saye?"

Ya ce, "Wurin matar Bae."

Teburin matar Bae na kallon nata, kuma shekara talatin ba su gaisa ba.

"Ja'iri ɗan nema! Kana yaro ka saci nawa, ka girma ka sayi nata? Kuma da sunana ake cin wannan takalmin da take kira kifi?"

"Tsoronki nake ji, Inna."

"Da gaskiyarka." Ta gyara kifin da ba ya buƙatar gyara. "Ƙarfe nawa ne abin?"

"Goma na safe."

"Zan zo. Ba don kai ba. Zuwa zan yi in ga idon wanda ya ci kifin Bae ya ce da daɗi."

Ranar Juma'a ta iso tun ƙarfe tara, cikin kayan gargajiya ruwan hoda masu warin adaka, an murɗe mata gashi ya yi cunkus. Abokan Du-man suka yi mata caa, kowa na "Mama, Mama." Ok Jae-pil, abokin ɗakinsa, wanda ya fi kowa cin kifin, har da riƙe mata jaka. Kwamanda ya zo da kansa ya rusuna.

"Mama, kifinki babu irinsa a ƙasar nan."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji ta, idonta a kan Du-man. "Babu irinsa kam."

Aka jera matuƙa a rumfar jirage, iyaye mata suka fito. Kowace tana share hawaye. Mal-sun ta karɓi lambar ta jujjuya ta kamar mai duba kifin jiya, ta miƙe a kan yatsun ƙafa, ta soka. Allurar ta wuce riga ta sami nama. Du-man ya cije.

"Wannan na matar Bae ne," ta raɗa masa.

Sai aka ba da umarnin gaisuwa. Matuƙa goma sha huɗu suka ja da baya, suka haɗa hannu a goshi, suka faɗi, suka tashi. Goma sha uku suka ƙame. Na goma sha huɗun, Du-man, ya sake faɗuwa.

Kada wani ya ce bai sani ba. A ƙasar nan ko ɗan yaye ya san ɗaya ake yi wa mai rai, biyu ta mamaci ce. Kansa ya sani sarai, jikinsa ne bai sani ba. Tun da aka haife shi bai taɓa kai goshi ƙasa gaban mai numfashi ba, gwiwar nan ta saba in ta sauka sau ɗaya sai ta ƙara. Ya yi ta kuwa da kyau, a natse, irin ta gwani. Goshinsa na taɓa siminti ya gane abin da ya yi.

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Jae-pil ya rufe ido.

"Kai!" Muryar Mal-sun ta cika rumfar har ta dawo. "Mutuwa na yi? Ka ga hotona da baƙin ƙyalle irin na mamaci? Na rufe teburina, na biya mota, na zo har nan don ka binne ni da raina?"

Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Kwamanda bai yi dariya ba. Ya matso yana duban Du-man, duban mutumin da ya fara haɗa zare da zare, don babu ɗan da ya tashi a gaban uwa, yana yi mata gaisuwar sabuwar shekara, da zai yi wannan kuskure.

"Laftanar Tak," ya ce a hankali, "akwai abin da za ka gaya mini?"

Du-man ya miƙe, kunya ta rufe shi har wuya. Ya buɗe baki. Mal-sun ta riga shi, amma muryarta ta sauka. Tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Na tuna wannan faɗuwar," in ji ta. "Ran makokin mijina, wani yaro ya shigo cikin kwat har gwiwa. Duk 'yan'uwan mijin nan nawa babu wanda ya yi masa gaisuwa mai kyau kamar tasa. Ya ci kwano uku. Ni na ce a ƙara masa na ukun." Ta juya ga kwamanda. "Ranka ya daɗe, ba ni na haife shi ba. Wadda ta haife shi ta daɗe a ƙasa. Ƙarya ya yi muku, maƙaryaci ne tun yana ƙarami, ɓarawo kuma. Amma yunwa ce ta rene shi, ba mutum ba, kuma ga inda ya kawo kansa."

Ta dawo kan Du-man, ta nuna simintin da yatsa.

"Biyun nan da ka yi, ba kuskure ba ne. Na uwarka ne, haƙƙinta ne, ta karɓa. Ni ba ka yi mini komai ba tukuna. Faɗi. Ɗaya tak, ina ƙirgawa."

Ya faɗi. Wannan karon ba ta yi kyau ba ko kaɗan, hular ta gangara, kafaɗunsa na rawa, ya kasa tashi. Mutumin da bai yi kuka a makokin ubansa ba, ga shi yana jiƙa simintin gwamnati. Ta bar shi ya ɗan jima, sannan ta sunkuya ta ja kunnensa.

"Tashi haka nan, kana ɓata farin kaya. Wa zai wanke?"

Kwamanda ya ɗauko hular ya kakkaɓe, ya miƙa masa. Ya ce, "Za mu yi magana ranar Litinin, Laftanar." Sannan ya rusuna wa tsohuwar. "To Mama, kifin da muke ci fa?"

"Takalmi kuka ci shekara biyu, ranka ya daɗe. Ban ga laifinku ba, ba ku san kifi ba."

Maganar ranar Litinin ta ƙare a share rumfar jirage na mako guda, da dariyar da Jae-pil bai daina ba har yau. Da wata ya ƙare Du-man bai buga wa kowa waya ba, ya ce wasan ya isa haka. Ranar uku ga wata sai ga kwali an ajiye a kan gadonsa, an ɗaure shi da igiyar kasuwa, ƙulli a kan ƙulli. Abokai suka taru suna jiran ya yi tsakin nan nasa. A saman kifin akwai 'yar takarda da rubutu karkatacce: "Ɓarawo, ka ci da kanka, kar ka rabar duka. Ka rame."

Ya karanta sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji, ƙarƙashin fuka-fukin. Tsakin ya ƙi fitowa.