Gwangwanin Allurai

Maigidana tela ne, shekara talatin yana taka keke bai taɓa canza ko kwan fitila ba. Rana ɗaya ya dawo da leda cike da wayoyi da ƙananan tayoyi, wai zai haɗa wa jikarmu mota mai kauce wa bango da kanta. Na ce masa tsufa ya zo da sabon salo, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Mai gyaran rediyon layinmu ne ya ciro masa batura huɗu daga wata tsohuwar kwamfuta, kowanne kamar ɗan yatsa. A gabana ya ja masa kunne.

"Baba, kada ƙarfe ya taɓa kawunansu biyu lokaci guda. Waɗannan ba irin na tocila ba ne, wuta suke kamawa."

Maigidana ya gyaɗa kai, hankalinsa na kan tayoyi. Shi kuwa duk wani ƙaramin abu mai daraja wuri ɗaya yake ajiye shi, cikin gwangwanin allurai da fil da ke kan teburin shagonsa. Tun ranar nake jin tsoron teburin nan, ban san dalili ba.

Ranar Laraba da hantsi ina ninke yadudduka a shagon, wanda ƙofarsa ke cikin tsakar gidanmu, sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi. Jikarmu, 'yar shekara uku, tana zaune a ƙarƙashin tebur tana girgiza gwangwanin, ƙararsa na ba ta dariya. Dama ita komai ta tsinta, fil ne ko makulli, aljihun rigarta take cusawa.

Na fizge gwangwanin, ya ƙona min tafin hannu. Na wurga shi tsakar gida, murfin ya yi sama, hayaƙi ya biyo baya da huci. Yarinyar ta tsorata, ta ruga ɗakin da muke tara ɗinkin mutane.

Maigidana ya fito ya tsaya kan abin da ya ƙone, ya ɗauki tsinke yana juya tokar. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ya riga ni magana.

"Batura uku ne a nan," ya ce a hankali. "Huɗu na sa."

Muka juya tare muka kalli ɗakin ɗinkin. Ta riga ta turo ƙofar, kuma sakatar ta ciki ce.