Ƙarar Bayan Bango

"Kada ki motsa kai, Mama," in ji ma'aikaciyar asibitin, tana shafa mata wani mai mai sanyi a gefen kai, tsakanin ido da kunne.

Gwaggo ba ta motsa ba, amma ta ja tsaki a ranta. Ta ƙare ƙuruciyarta tana buga takardu a ofis, manyan mutane na jiran ta gama, yau ga yarinyar da a haife ta haife ta tana ba ta oda. Duk gidan benen da take haya Gwaggo ake ce mata, har masu furfura, kuma ba don ƙauna kaɗai ba. Ita ce ta san wanda ya bar shara a matakala, ita ce kuma mai kula da gidan ke gani ya canza hanya.

Ba da son ranta ta zo ba. Makon jiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunta na hagu, ta sunkuya za ta ɗauka hannun ya ƙi bin umarni, harshenta ya yi nauyi kamar an cika mata baki da auduga. Abin bai daɗe ba ya sake ta. Da ta so binne maganar, sai ga ɗan ƙaninta ya faɗo ɗakin yana haki, wai an kira shi a waya. Shi ya kawo ta asibiti, likita ya ce a yi mata sikanin jijiyoyin kai, a ga ko babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke a cikin ƙoƙon kai. Yau ma shi ya ajiye ta a ƙofa ya wuce wurin aiki, yana ba ta haƙuri.

Ma'aikaciyar ta ɗora wani abu kamar kan tocila a wurin da ta shafa man, ta zagaya da shi, ta danna, ta karkata. Na'urar ta yi shiru. Ta gwada ɗaya gefen, nan ma haka. Ta yi murmushi ta ce ƙashin wasu manyan mata kan yi kauri har sautin na'urar ya kasa ratsawa, don haka za su bi ta ido. Gwaggo ta ce idon da ta gama biya wa tabarau ne za a tsokane mata? Yarinyar ta rantse ba zafi, a rufe idon zai kasance, kuma za ta rage ƙarfin na'urar.

Ta rufe ido. Sanyin man ya sauka a kan fatar idonta na hagu. Can sai ɗakin ya cika da wani sauti mai taushi, yana zuwa yana komawa. Ma'aikaciyar ta ce jininta ne ke tafiya haka, ta matso da abin kan idon dama.

Shuu. Shuu. Shuu.

Gwaggo ta kasa kunne. Wannan ba irin na farko ba ne. Siriri ne mai kaifi, kamar ruwa na fita ta tiyon da aka matse bakinsa. Kuma ta san shi. Ta san shi fiye da muryar kowa a duniya.

"Wa ya kunna injin wanki a nan?"

"Babu injin wanki, Mama. Daga kanki yake fitowa."

Tun farkon shekara wannan ƙarar ta hana ta sakat. Da ta kwanta ta ɓangaren dama, fuskarta na kallon bango, sai ta taso. Bayan bangon kuwa ɗakin Maman 'Yan Biyu ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara mata biyu, take karɓar wanki da guga na mutanen unguwa. Gwaggo ba ta sha wahalar gano mai laifi ba. Ta fara da magana a matakala, ta koma bugun bango da diddigen takalmi. Matar ta zo har ɗaki ta durƙusa ta ce wallahi rana na faɗuwa take kashe injin. Daga baya ta ce ta ma daina kunna shi gaba ɗaya, da hannu take wankin, ta miƙo hannuwan duk sun tsattsage. Gwaggo ta dubi hannuwan ta ce ita ba yarinya ba ce, kunnenta kuma bai mutu ba.

Daga nan ta tasa mai kula da gidan a gaba, safe da yamma, tana tuna masa cewa dokar gida ta hana sana'a a ɗakin haya. Mutumin ya yi ta kauce-kauce har ya gaji, ya ba matar notis na tashi. Yau ne wa'adin ke cika.

"Ki ɗan daure, Mama, kina motsa ido," in ji ma'aikaciyar. Ta ɗauka man ne ya sa ta hawaye, ta miƙa mata tishu.

Likitan ya duba abin da na'urar ta zana, ya yi mata bayani a nutse. Inda hanya ta tsuke jini yakan ƙara gudu, gudun ne na'urar ke aunawa, kuma na damanta ya wuce yadda ake so. Za a yi wani hoton don a tabbatar, amma magani yau za ta fara. Abin da ya same ta makon jiya gargaɗi ne. Na gaba yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, ko mutum kan ji ƙarar jijiyar da kunnensa. Ya ce yakan faru, musamman in wuri ya yi tsit, ya kuma tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Sai ya ci gaba da tambaya.

"Da wa kike zaune?"

"Ni kaɗai."

"In abin ya dawo, hannu ba zai riƙe waya ba, baki ba zai yi kira ba. Wancan karon wa ya ji ki?"

Ta buɗe baki za ta ce ɗan ƙaninta, sai ta tsaya. Yaron yana can wani gefen gari. An kira shi, ya ce. A ranar ta ji ana ƙwanƙwasa mata ƙofa, ana Gwaggo, Gwaggo, lafiya? Ta gane muryar Maman 'Yan Biyu ce, kuma ko bayan da harshenta ya saki ba ta amsa ba. Bangon nan da take tsine wa saboda rashin kauri, ta cikinsa aka ji fashewar kofi.

Ba ta jira ɗan ƙanin ba. Ta karɓi magungunanta ta hau bas, ta samu wuri kusa da taga, ledar magani a cinya. Tsoro take ji, tsoron mutuwa ƙarara, amma kunya ta fi tsoron nauyi. Duk tsayawar da direban ya yi sai ta ji kamar ta sauka ta tura motar.

A ƙofar gidan ta tarar da motar ɗaukar kaya, an riga an ɗaure katifu. Injin wankin na can ƙurya, an naɗe wayarsa an ɗaure da tsumma, ƙura ta yi masa hula. Wanda ake kunnawa kullum ba ya tara ƙura haka.

Ta fara neman mai kula da gidan. Ta ce ta janye ƙararta, a bar matar. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce ai Gwaggo ta makara: mai shagon ƙasa ya karɓi ɗakin, zai mai da shi wurin ajiye kaya. Har da fara'arsa ya ƙara da cewa kwali ba ya ƙara, ba ya kuka, ta huta.

Maman 'Yan Biyu na saukowa da bokiti a hannu, yaran na biye da ita. Ta rusuna kamar kullum.

"Gwaggo, an dawo? Ya jikin?"

"'Yar nan, ajiye bokitin." Gwaggo ta matso kusa da ita. "Ba injinki ba ne. A kaina yake. Jijiya ce ta tsuke, yau na ji ta a na'ura da kunnena. Na zalunce ki."

Matar ba ta ajiye bokitin ba. Ta daɗe tana kallon ta, ba fushi a fuskar, ba kuma sauƙi. Da ta yi zagi da Gwaggo ta fi jin daɗi.

"Allah ya ba ki lafiya, Gwaggo," ta ce. "Yayata ta samo mana ɗaki kusa da ita, na riga na sa yaran a makarantar can." Ta taka matakala biyu, ta waiwayo. "Ki daina sa sakatar sama. Ranar nan na so in tura ƙofar, ta ƙi."

Yaran suka ɗaga wa Gwaggo hannu daga bayan motar. Ta ɗaga na dama.

A ɗaki ta sha maganin da ruwa, ta bar sakatar sama a buɗe. Ta zauna bakin gado, la'asar na shigowa ta taga. Gidan ya yi tsit irin wanda ta yi wata da watanni tana nema. Ta kwanta ta ɓangaren dama, fuskarta ga bango, sai ƙarar ta taso, shuu, shuu, daidai da bugun zuciyarta.

Takalmin na nan ƙarƙashin gado inda ta saba ajiye shi. Ta jawo shi da hannun dama, kamar mai gwajin ranar da na hagun zai ƙi, ta buga bangon a hankali. Ta ɗaga kai daga matashi, ta kasa kunne.

Ta sake bugawa, da ƙarfi.