Ganyen da Ba a Sa wa Komai Ba

Ɗakin madubin ƙara girma ba shi da taga, kuma a duhu ake aikin. Ƙofa ɗaya, kujera ɗaya, sanyi kamar cikin firji. Mako bakwai ke nan ina shiga da safe, in fito da la'asar ina murza ido. Mai ɗakina har ta fara kirana jemage.

Aikin ba wuyar faɗa. Furotin biyu ne a cikin ganyen taba. An raba wani sinadari mai walƙiya gida biyu, an liƙa wa kowane furotin rabi. In sun haɗu a ƙwayar ganye mai rai, rabi ya sami ɗan'uwansa, sai wurin ya haska rawaya. In ba su haɗu ba, duhu.

Ni dai duhu nake gani. Farfesa kuwa tuni ya rubuta a takardarsa cewa suna haɗuwa. Hoto kawai yake jira, da sa hannuna a ƙasa.

Ran Laraba ya shigo da kansa.

"Baba, har yanzu? Ko tabarau za mu sake maka?"

"Ranka ya daɗe, ga kujera."

Ya kafa ido, ya yi ta gusar da gilashin da yankin ganyen ke kai har ya kai bakin da reza ta yanka. Ya daki cinya.

"Ga shi ɓaro-ɓaro! Wannan ne babu?"

Na san wannan hasken. Ƙwayar da ta ji rauni takan haska da kanta kafin ta mutu. Ban yi musu ba. Na zare gilashin, na sa wani.

"A duba wannan ma."

"Kai, wannan ya fi! Ɗauki hoto."

"Ranka ya daɗe, wannan ba a sa masa komai ba. Ruwa zalla na ɗura masa."

Ya ɗago daga madubin. 

"Wa ya gani ban da kai?"

"Babu."

"Ɗauki hoton na farkon, ka sa hannu."

"A gafarce ni. Hannun ba zai tafi ba."

Ya miƙe yana laluben ƙofa.

"To, shuka sabon iri, daga farko. Ba ka da wani aiki sai ɗakin nan har su haɗu."

"In kuma ba sa haɗuwa fa?"

Ya riga ya ja ƙofar.

Na kunna 'yar tocila, na buɗe littafin gwaji. Na sa kwanan wata, na rubuta: ba su haɗu ba.